Babur Mai Shaidar Gidan Na'Allah

Ranar da Halliru ya gama kwaleji ya dawo daga Kano, ko ruwan kirki bai tsaya ya sha a Kazaure ba. Ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa ya gaishe ta a gurguje, ya sake hawa babur ɗinsa ya kama hanyar Roni, daga nan ya miƙe sai Gwiwa. Shekara uku yana jiran wannan rana. Baffa Daudu Na'Allah, mahaifin Saude, da bakinsa ya ce masa in ya gama karatu ya turo manyansa a sa rana.

Tun daga nesa ya hango abin da ya ɓata masa rai. A gindin tsamiyar da ya saba kafe babur ɗinsa, wata farar mota ce sabuwa dal ta baje, ta cinye inuwar duka.

Ya san mai ita. Sama'ilu Maikasuwa ne, ɗan kwangilar hatsi daga Babura. Bara ya zo sayen bijimai wurin Baffa, ya ga Saude tana dawowa daga firamaren da take koyarwa, shi ke nan gaida Baffa ta zame masa farilla. Duk mako yana hanya. An gaya masa an riga shi, ya ce shi ai gaisuwa kawai yake zuwa.

Halliru ya kafe babur a rana. Bai ko zare makulli ba ya ji muryar Goggo Shatu daga bayan danga. Ƙanwar Baffa ce, ita ta riƙe Saude tun rasuwar mahaifiyarta, kuma in tana son a ji magana, har matan bakin rijiya sai sun ji.

"Wane ne kuma yake firgita mana maruƙa? Au, mai ƙugin nan ne? Ikon Allah! Shekara uku ana karatu, ana karatu, ni na ɗauka da jirgin sama za a dawo mana."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a cikin gida. Halliru ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a gadon baya.

Saude ta fito da tabarma a hannu. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, har lokacin akwai farin alli a gefen yatsunta. Ta shimfiɗa masa, ta durƙusa can gefe.

"Malam, barka da zuwa. An gama ke nan?"

"An gama, Malama."

"Alhamdu lillahi." Idonta ya kawo ruwa, ta yi maza ta goge da bakin gyale. "To me ya sa fuska ta zama haka? Ko faɗuwa aka yi ake ɓoye mini?"

Ya nuna motar da haɓa.

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun da hantsi. Yana garke wurin Baffa, wai wani sa yake dubawa. Zuwansa shida ke nan a kan san nan, har san ya gane shi."

Halliru bai yi dariya ba.

"Kin dai ji abin da Goggo ta ce."

"Goggo ce fa. Ran nan har ladan ta ce bai iya kiran salla ba. Malam, ni in ina aji na jiyo ƙarar babur ɗin nan daga mararraba, alli faɗuwa yake yi daga hannuna. Motar kowa ba ta taɓa sa ni haka ba. Ka turo su Kawu kawai."

Maganar da ya kamata ya ƙulle a haɓar riga ke nan. Amma ina! Ni dai har yau ban gane abin da ke damun maza ba. Mai ƙaunarsu ta gaya musu gaskiya a hankali su manta kafin su kai gida, wata ta yi musu gori da ƙarfi su haddace kamar karatun allo.

Shi kuwa babur ɗin nan da tarihinsa. Mahaifin Halliru malamin jangali ne a zamaninsa, aminin Baffa Daudu. Ya rasu bai bar komai ba sai mutunci. Da aka fara tura Halliru koyarwa Gwiwa, a gidan Baffa yake cin tuwo, a nan suka shaƙu da Saude. Sai ga takardar shiga kwaleji, murna ta haɗu da fargaba, domin motar haya ba ta leƙa Gwiwa sai ranar kasuwa. In ya tafi, sai dai hutu zuwa hutu.

Ana saura kwana uku ya tafi Baffa ya kira shi bakin garke. Ga sabon babur a kafe.

"Shanu muka kai kasuwa," abin da ya ce ke nan.

Sannan ya zaro wuƙarsa, ya tsuguna, ya kama robar nan da ke rataye a bayan taya tana tare taɓo. Ya tsaga ta sau biyu a dama, sau ɗaya a hagu, daidai yadda yake tsaga kunnen duk marakin da aka haifa a gidan.

"Ya shiga garke ke nan. Ka riƙe shi da kyau."

Halliru ya yi dariya, ya yi godiya har da hawaye. A ransa ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Ɗan birni ne, Fulatancinsa bai wuce gaisuwa ba, bai taɓa bin saniya ko zuwa bakin rafi ba. A gidan Na'Allah kuwa da duk danginsu, abin da aka tsaga wa shaidar gida, ko a hannun wa yake, ba ya shiga kasuwa sai an dawo an nemi bakin mai shaida. Babu wanda ya gaya wa Halliru, domin babu wanda ya taɓa zaton akwai mai gemun da bai san wannan ba.

* * *

An ba shi aikin duba makarantu, ofishinsa a nan Kazaure. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya zare da saye. Wanda jiya yake ɗinke sirdin keke, yau yana maganar taya huɗu.

Inna Dela, mahaifiyarsa, ba ta gori da ƙarfi irin na Goggo Shatu. Nata a hankali yake shiga, kamar ƙaya.

"Ɗan gidan maƙwabtan nan da kuka gama tare, jiya a mota ya kai uwarsa asibiti," ta ce tana tsince shinkafa. "Ni dai ban ce komai ba."

"Inna, ai kin ce."

"To in na ce laifi ne? Su kawunka za su tafi neman aure gidan da mai mota ke zarya. A kan me za su je? Ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa goya su, da manyan rigunansu? Mahaifinka in ya shiga Gwiwa tashi ake yi tsaye. Ni ba na son a raina min kai, Halliru. Kai kaɗai gare ni."

Ta share ido. Abin da ba ya iya jurewa ke nan.

A makon ne ya ji labarin wani malami Ba'indiye da zai koma ƙasarsu, yana neman mai sayen 'yar motarsa. Shuɗiya ce, ƙarama, ta ɗan sha jiki amma injinta lafiya lau. Halliru ya je ya gani, ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari. Daga wannan zama bai ƙara samun natsuwa ba.

Abin da ke hannunsa bai kai ba. Cikon kuwa yana nan kafe a zaure.

Sau biyu ya ɗauki biro zai rubuta wa Saude, sau biyu yana ajiyewa. Gani yake in ya gaya mata ya ɓata abin. So yake kawai ta ji oda a ƙofar gida, ta fito, Goggo Shatu ta biyo bayanta baki buɗe. Wannan buɗe bakin na Goggo, wallahi shi ya fi tsaya masa a rai.

Ranar kasuwar Babura ya yi sammako, domin an ce a can babur ya fi daraja, mutanen ƙetaren iyaka suna nema. Aka haɗa shi da wani tsohon dillali wanda ya yi rabin rayuwarsa a kara yana dillancin shanu, sai da zamani ya juya ya koma na kekuna da babura.

Tsohon ya zagaya babur ɗin, ya matsa taya, ya leƙa tanki. Da ya zo ta baya sai ya tsaya cak. Ya tsuguna ya kama robar nan ya shafa tsagar da babban yatsa.

"Malam, wannan ai shaidar gidan Na'Allah ce ta Gwiwa."

"Ita ce. Shi ya ba ni."

"An sani a gida?"

"Nawa ne, Baba. Ga takardu nan da sunana."

"Ban tambaye ka takarda ba, ɗana. Cewa na yi, an sani?"

Rana ta yi zafi, Ba'indiye kuma jibi zai tashi. Ran Halliru ya ɓaci.

"Shekara uku ina hawansa, ban taɓa jin wanda ya tare ni ba. In ba za ka sayar ba ka faɗa mini, ga dillalai nan birjik."

Tsohon ya saki robar, ya miƙe tsaye.

"To. Allah ya sa a ce gara da aka yi."

Wani Bazabarme ya taya da kuɗin sefa, ana cikin ja-in-ja sai aka yafito dillali can gefe. Da ya dawo ya ce an sallama, wani ya biya ba ragi, amma ba ya son a ambaci sunansa. Halliru har da godiya ga Allah da ya kawo kasuwa.

Sai da ya miƙa makullin ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙirji. Ya tuna yadda babur ɗin ya sha kawo shi cikin ruwa da iska bai taɓa kunyata shi ba. Ya ce da kansa ƙarfe ne, ƙarfe ya canza. Ya hau motar haya ya koma Kazaure, bai waiwaya ba.

* * *

Kwana goma ya yi yana koyon tuƙi a filin ƙwallo. Inna Dela ta yi guɗa, ta raba goro a unguwa. A rana ta goma sha ɗaya ya sa sabuwar babbar riga, ya fesa turare, ya ɗauki hanyar Gwiwa yana ta maimaita abin da zai ce in Saude ta fito.

Ya shawo kwanar gidan ya danna oda sau biyu.

Babu wanda ya fito.

A gindin tsamiya mutane ne zaune a kan tabarmi. Baffa Daudu, da dattawa biyu 'yan uwansa, da Sama'ilu Maikasuwa cikin shadda mai maiƙo. A tsakiyarsu, an wanke shi tas, ga babur ɗin a kafe.

Halliru bai san lokacin da ya kashe mota ba. Ya fito, ya tuɓe takalmi, ya zube ya yi gaisuwa. Baffa ya amsa masa yadda ya saba, ya tambayi Inna Dela, ya tambayi aiki, bai rage ko ɗaya ba.

"Wannan taka ce?"

"Tawa ce, Baffa. Na ce bari in kawo a sa albarka."

"Allah ya tsare. Allah ya sa ta alheri ce." Sannan ya nuna babur da sandarsa. "Wannan fa, ka san shi?"

Halliru ya sunkuyar da kai.

Sama'ilu ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ni dai, Baffa, kamar yadda na gaya maka, ina rumfata aka zo aka ce ga shaidar gidanka a hannun dillali, wani na shirin ƙetare iyaka da ita. Na ce ba dai a gabana ba. Washegari na ɗora shi a bayan a-kori-kura na kawo."

Gaskiya ya faɗa, ba a ƙara ba. Sai dai ba don Allah ya yi ba. Mutum ne da ya girma a kara cikin masu shanu, ya san nauyin tsagar nan sarai, kuma ya san inda za ta faɗa in ya sauke ta a ƙofar gidan.

"An gode," Baffa ya ce ba tare da ya dube shi ba. "Amma ba a yi mini kyautar abin da yake nawa. Na sake fitar da saniya na sallami Sama'ilu. Wannan ya wuce."

Ya juyo wajen Halliru. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi.

"Ɗan aminina, ni ban ce kada ka hau mota ba. Da ka zo ka ce, Baffa, babur ya yi mini kaɗan, wallahi da ni zan ƙara maka karsana ka cika. Tsakaninka da nan tafiyar nawa ce? Sai dai in ji a bakin mutane shaidata na tsakiyar kasuwa ana taya ta."

"Wallahi, Baffa, ban sani ba. Ban san haka abin yake ba."

"Na yarda ba ka sani ba. Dillali bai tambaye ka ba?"

Halliru ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ya aiko mini yana ba da haƙuri. Ya ce sau biyu ya tambaye ka."

Hawaye ya ɗiga a kan sabuwar rigar. Ɗaya daga cikin dattawan ya kau da kai.

"Yau kwana goma ina tunanin abu ɗaya," Baffa ya ci gaba. "Saude ma 'yar gidan nan ce. In na ba ka ita, ranar da ka ga ta yi maka kaɗan, za ka dawo ka gaya mini, ko ita ma a bakin mutane zan ji?"

"Baffa, ka yafe mini. Don Allah, don darajar mahaifina."

"Ni na yafe tun kafin ka zo. Maganar da na yi maka ma ban janye ba, ban saba ba. Sai dai shanun da aka sayar aka saya maka babur ɗin ba nawa ba ne. Tashi ka shiga zaure ka ji daga bakin mai su. Abin da ta ce, shi ne."

* * *

Tana zaune a zauren, ta jingina da bango, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago sai gabansa ya faɗi. Ta rame, idanunta sun kumbura sun yi jawur.

"Saude."

"Sannu da zuwa, Malam. Na ji an yi mota. Allah ya sa albarka."

"Kada ki yi mini haka. Ki zage ni ya fi."

"Ban iya ba."

Ya durƙusa a gabanta, babbar riga a ƙasa.

"Baffa ya ce shanunki ne. Waɗanne shanu? Me ya sa ban taɓa ji ba?"

Ta share ido da bakin gyale.

"Ka tuna Wule? Mai farin goshin nan da take biyo ni har bakin makaranta?"

Ya tuna. Ya ma taɓa tambayar ina take, aka ce masa an kai ta wani wuri, bai ƙara bi ta kai ba.

"Ta mahaifiyata ce. Da ita aka kawo ta gidan nan. Da ta rasu aka ce zuriyarta tawa ce. Farin nan da aka yi ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, har ya rage daga Wule sai 'yarta. Dusar kokona nake ba ta. Na hau bishiya yankar ganye saboda saniyar nan, Malam, ni da ko katanga ban taɓa hawa ba."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta toshe baki da gyale har ya lafa.

"Da takardarka ta zo, ni na je na sami Baffa na ce a sayar da su a saya maka babur. Ya ce in sake tunani, na ce na gama. Ni na riƙe igiyarta har bakin motar fatake. Aka ɗora ta tana waiwayena tana kuka, 'yar na biye. Ba abin da ya rage mini na uwata a duniya daga ranar. Sai na ce da kaina ai Wule ba ta tafi ba, ƙafa ta zama, za ta riƙa kawo mini kai. Duk ranar da ka kafe shi ka shiga wurin Baffa, sai na faki ido na fito na shafa shi. Kamar mahaukaciya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saude, da kin gaya mini! Kalma ɗaya!"

"Don ka riƙa hawansa da nauyi a rai? So na yi ka hau da daɗi. Kuma ga shaida Baffa ya tsaga a gabanka. Na ɗauka ko ba ka san komai ba, za ka san ba daga sama ya faɗo ba. Na ɗauka za ka tambaya."

"Saboda ke na yi, wallahi. Ban so a riƙa yi miki dariya a kaina ba."

Ta girgiza kai.

"A'a, Malam. Saboda Goggo ka yi, da Sama'ilu. Ni na gaya maka abin da nake so, ina durƙushe a gabanka. Ba ka ji ba. Su da suke nesa ka ji su."

Sai ga motsi a bakin ƙofar cikin gida. Goggo Shatu ce tsaye da ƙwarya a hannu, yau babu karsashi ko kaɗan.

"Ɗan nan, ni bakina ne haka, kowa ya san shi. Wa ya ce ka biye mini?" Ta ajiye ƙwaryar, ta koma ciki tana jan hanci.

Halliru ya matso.

"Yau ɗin nan zan sayar da motar. Kafin la'asar. In sayo miki shanu, ko goma kike so."

Saude ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Ka ji ko? Sayarwa dai. Yanzu ma ita ta fara zuwa bakinka. A wace kasuwa ake sayar da saniyar uwata, in je?"

Can ya yi tambayar da ke cin sa.

"Sama'ilu za ki aura ke nan?"

"Wanda ya ɗauko baƙin cikina a bayan a-kori-kura, ya sauke yana murmushi? Ko maza sun ƙare. Na riga na gaya wa Baffa, ya kuma gaya masa. Naci ne kawai ya zaunar da shi. Amma ƙin sa da na yi ba zai sa in aure ka ba."

"Kin daina sona."

"Da na daina ai da na huta!" Wannan karon da ƙarfi ta faɗa, hawaye na zuba ba ta ko gogewa. "Kwana goma ina roƙon Allah ya cire mini kai, ya ƙi fita. Ina son ka, Halliru, kamar raina. Amma tsoronka nake ji. Na ba ka abin da ba ni da kamarsa, ka dube shi ka ga ciko. Gobe in na ba ka kaina, wani ya yi maka dariya a kaina, ban san abin da za ka yi ba. A da na sani, yanzu ban sani ba."

"Ki ba ni lokaci. Shekara ɗaya. Biyu. Zan jira."

"Ba zan ce ka jira ba, don ban san ko zan warke ba. Kada su Kawu su zo. Ka gaida Inna, ka ce na gode da zanin da ta aiko mini."

Ta miƙe tana dafa bango. Ya kira sunanta sau uku. Ta ɗaga labulen kara ta shige.

* * *

Bai san yadda ya yi sallama da dattawan ba. Ya shiga mota, ya tayar, ya sa giyar baya zai juya. Idonsa ba ya gani sosai, hannunsa kuma bai gama faɗawa ba. Motar ta sauka daga kan tsandauri ta faɗa burtalin da shanu suke bi, inda kofato ya tumurmushe ƙasa ta zama yashi zalla.

Ya taka totur. Tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami. Ya ƙara takawa, ta ƙara nutsewa har ciki ya taɓa ƙasa.

Ya kifa kai a kan sitiyari. Da ƙasa za ta tsage, da ya gode mata.

Sai ya ji muryar Baffa.

"Ku tashi mu kama masa."

Tsohon ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga. Dattawan biyu suka biyo shi, ɗaya ya kwaso kara ya cusa ƙarƙashin tayoyi. Sama'ilu ma, da ya ga kowa ya tashi, ya tuɓe shaddarsa ya rataye a reshe ya zo ya sa kafaɗa.

"Sa ta gaba. A hankali. To, bismillahi!"

Suka tura. Yashi ya yi ta feshi a fuskokinsu. Ta madubi Halliru yana ganin Baffa, farin gemunsa ya yi buɗu-buɗu, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana tura ɗan amininsa da iyakar ƙarfin da ya rage masa. Motar ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba, sai ta fizge ta hau tudu.

A nan ya hango ta. Ta fito bakin zaure, kai ba gyale, ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna girgiza. Ƙafarsa ta tafi kan burki da kanta.

"Kada ka tsaya!" Baffa ya ɗaga murya yana haki. "Akwai sauran yashi a gabanka. In ka tsaya za ta sake nutsewa. Tafi kawai, ɗana, Allah ya kiyaye hanya."

Halliru ya ɗauke ƙafarsa. Kuka yake yi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka binne mahaifinsa. Bai tsaya ba.